DAGA TUKUNYAR BUGAZAU ZUWA KWALBAR MALTA: TARIHIN TSIRON DAWA A KUDANCIN KATSINA

Ga rubutaccen abin da muka tattauna, saboda waɗanda data ko network bai ba su damar saurare ba.

Yau za mu taɓa wani ɓangare na tarihinmu wanda mutane ba su cika son a ɗaga shi ba, wato sana'ar dafa giyar dawa a ƙasar Hausa, musamman a kudancin Katsina. Tun kafin wani ya ɗaga gira, bari mu yi shimfiɗa. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta rufe wannan babin, kuma babu wanda ya zo nan don ya buɗe shi. Tarihi muka zo yi. Shi kuwa tarihi, in ka ce sai abin da ya yi maka daɗi za ka karanta, to rabi za ka sani. A cikin wannan tsohuwar sana'a akwai wani ilimi na sarrafa hatsi wanda ya fi giyar kanta daɗewa a hannunmu, yana nan a cikin kunun da muke sha, kuma yau manyan kamfanoni na cin kuɗi da shi alhali manomin da ya noma dawar yana kallo.

Mu fara da wurin. Wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san Mairuwa, a ƙaramar hukumar Faskari, inda dam ɗin da ke ba Funtuwa ruwa yake. Gaba kaɗan ga Sheme, ga Yankara, sai ka faɗa Zamfara. Ta kudu ga Sabuwa da Dandume, ta arewa maso gabas ga Ƙanƙara da Malumfashi. Wannan yanki shi ne na da can ake kira Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi ce, tana riƙe ruwa, ba kamar jigawar arewacin Katsina ba inda gero ya fi yi. Nan gidan dawa ne: kaura, farafara, jar dawa. Kuma a wannan yanki, musamman wajen Ƙanƙara, Malumfashi, Kafur, Bakori da Musawa, aka daɗe ana samun gidajen Maguzawa, wato Hausawan da suka zauna a kan addinin gargajiya bayan birane sun musulunta. A hannun matansu wannan sana'a ta fi daɗewa.

To amma yaushe ta faro? Tsohuwar shaidar da muke da ita a rubuce tana cikin Tarihin Kano, littafin da H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, wanda kuma aka buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A farkon littafin, inda ake ba da labarin Barbushe da mutanen Dala kafin zuwan Bagauda, an jero manyan mutanen wancan zamani kowa da sana'arsa. Akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare, akwai Maguji mai haƙo tama yana narka ta. A cikinsu aka ambaci wani mai suna Bugazau, aka ce shi ne mai dafa giya. Ku lura da inda aka ajiye shi: sahu ɗaya da maƙeri da mai magani. Wato a tunanin mutanen da suka adana wannan labari, dafa giya sana'a ce mai shugaba, mai zuriya, kamar ƙira da jima da saƙa.

Harshen ma ya riƙe shaida. Muna da giya, muna da barasa, muna da burukutu, muna da buza, muna da bammi na itacen giginya ko kwakwa. Har yau in mai mulki ya fara taka mutane sai a ce giyar mulki ce ke ɗibarsa. Al'ummar da ba ta san abu ba, ba ta tara masa sunaye haka.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Duk inda dawa ta yi a Afirka, za ka samu irin wannan abin sha. A Burkina Faso da Mali ana ce masa dolo, a arewacin Gana pito, a Benin da Togo cukutu, a Cadi da arewacin Kamaru bili-bili, a Sudan marisa. Kai, har a hadisi ya zo. Lokacin da aka tura Abu Musa al-Ash'ari Yaman, ya yi tambaya a kan abin sha guda biyu da mutanen can ke yi, ɗaya na zuma, ɗaya na hatsi wanda ake kira mizr, kuma a wasu riwayoyin an fayyace cewa da dawa ake yin sa. Amsar da aka ba shi ita ce ƙa'idar da malamai ke kafa hujja da ita har gobe, cewa duk abin da ke sa maye haramun ne. Ka ga ke nan giyar dawa ba baƙuwa ba ce ga fiƙihu tun ranar farko.

Yanzu bari mu shiga cikin gidan, mu ga yadda sana'ar take tsaye. Gidan Bamaguje na da ba a cikin gari yake ba. A tsakiyar gonaki yake, babban gida guda, uba da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki, wani lokaci mutum hamsin, wani lokaci fiye da ɗari. Ana noma gandu tare, amma kowace mace tana da gayaunarta da rumbunta. Masana uku sun zauna da su sun rubuta yadda suke rayuwa. Joseph Greenberg ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, littafinsa ya fito a 1946. Jerome Barkow ya kwatanta Musulmi da Maguzawa a ƙasar Zazzau, ya buga a 1973. Sai Murray Last, wanda yawancinmu muka sani da littafinsa a kan Daular Sakkwato, shi kuma ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970. Abin da ke fitowa fili daga irin waɗannan rubuce-rubuce shi ne macen Bamaguje manomiya ce, ba ta kulle, tana da hatsinta, kuma giya na cikin manyan hanyoyin da take juya hatsin nan ya zama kuɗi.

Sana'ar gado ce, amma ta ɓangaren mata. Yarinya tana tashi tana ɗebo ruwa, tana iza wuta, tana juya tsiro a kan tabarma, har hannunta ya san zafin da ya dace ba tare da wani ma'auni ba. In ta yi aure ta tafi da ilimin gidan miji. Shi ya sa ba za ka ji sunan wani gida ya shahara shekara ɗari uku a kan giya ba, kamar yadda ake samu a Jamus ko Beljiyam, inda uba ke bar wa ɗa masana'anta da sunan iyali a jikin kwalba. A nan ilimin yana yawo ne da aure, daga wannan gida zuwa wancan.

Mene ne ilimin? A nan nake so ku ba ni kunnuwanku, domin shi ne zuciyar shirin. Ƙwayar dawa cike take da sitaci, wato abin da ke sa tuwo ya yi kauri. Sitaci ba shi da zaƙi, kuma yis ba ya iya cin sa. Amma in ka jiƙa dawa, ka shanya ta a inuwa ka rufe, kana yayyafa ruwa na kwana uku zuwa biyar, sai ƙwayar ta ɗauka damina ce ta zo, ta fara tsiro. Don ta ciyar da ɗan tsiron nan, sai ta saki wani sinadari da masana ke kira amilas, wanda aikinsa shi ne ya daddatsa sitaci ya mai da shi sukari. Daidai wannan gaɓar sai a katse ta, a baza a rana ta bushe, a murje saiwoyin, a niƙa. Wannan garin shi ne tsiro. Shi ne abin da Bature ke kira malt. Babu bambanci ko kaɗan a asalin aikin, sai dai shi da sha'ir ya saba yi, mu da dawa.

Akwai wata dabara kuma da matan nan suka gano, wadda ta ba injiniyoyin kamfani wahala daga baya. Sitacin dawa ba ya narkewa sai da zafi mai yawa, zafin da kuma yake kashe sinadarin amilas. To ya za a yi? Sai su dama garin tsiron da ruwan sanyi, su bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama, wanda sinadarin ke cikinsa, sai a tsiyaye shi a ajiye gefe. Gasarar da ta kwanta ƙasa ita ake dafawa har ta nuna. In ta ɗan huce sai a mayar mata da ruwan da aka ajiye, nan take kaurin ya saki, zaƙi ya fito. Daga nan a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake tafasawa na awoyi, a tace, a bar shi ya huce. Har zuwa wannan matakin babu maye a ciki, ruwan zaƙi ne mai ɗan tsami. Sai an zuba masa ragowar tsohon dahuwa, wanda yis ke cikinsa, ya kwana ɗaya ko biyu yana tafasa da kansa, sannan ya zama burukutu. Ƙarfinsa yawanci tsakanin kashi 3 ne zuwa 6 cikin ɗari.

Wani abin lura: kowane manomi a Faskari ya san gyauron dawa yana kashe dabba. Dalili shi ne ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da wani sinadari da ke rikiɗewa ya zama guba. Wannan gubar tana cikin tsiron da aka yi a tabarma ma, ta fi taruwa a saiwa da ɗan kan da ya fito. Murje saiwoyi, shanyawa da doguwar tafasa su ne ke rage ta. Matan da ba su taɓa shiga aji ba sun tsara aikinsu ta yadda duk waɗannan matakai suna ciki.

Duka aikin, daga jiƙo zuwa sayarwa, yana cin kusan mako guda. Kuma abin ba ya ajiyuwa, bayan kwana biyu ko uku ya zama ruwan tsami. Wannan shi ya tsara yanayin kasuwancin gaba ɗaya. Ba za ka iya ɗaukarsa zuwa nesa ba, ba za ka iya tara shi ba, don haka babu wani attajiri da zai iya mamaye sana'ar. Kowace mace da ranarta da tukwanenta, a dafa daidai ranar kasuwa ko ranar biki, a sayar a ƙwarya, a tashi.

A Turai da Amurka yanzu ana yayin ƙananan masana'antun giya na iyali, masu tallar cewa hatsinsu na gonar kusa ne, ba sa zubar da komai, suna bin hanyar kakanni. To gidan Bamaguje haka yake tun asali, ba don talla ba, don babu wata hanyar. Dawa daga gayauna. Tukunya daga maginan tukwane na ƙauyen. Ƙwarya da ludayi daga duman bayan gida. Dusar da aka tace a ba awaki da kaji da aladu, a wurin masu kiwon su. Kashin dabbobin ya koma gona. Karan dawa ya zama danni ko makamashi, tokarsa a tace a yi ruwan toka na miya ko sabulu. Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya, akwai inda sana'ar take da ɓarna, wato itace. Tafasa manyan tukwane na awoyi da yawa, sau biyu a kowane dahuwa, yana cin itace ba kaɗan ba. A Wagadugu, inda dolo ke da babbar kasuwa har yau, sai da aka yi ta ƙoƙarin sauya wa matan murhu saboda yawan itacen da suke ƙonawa. Lokacin da dazuka irin na Kogo da Rugu suke cike, ba a jin nauyin. Da mutane suka yawaita, sai lissafin ya canza. Haka nan ita kanta dawar: abin da aka dafa aka shanye a biki, ba ya nan a rumbu ranar da bazara ta yi tsawo. Ga kuma abin da maye ke jawowa na faɗa da rashin lafiya, wanda su kansu dattawan Maguzawa ba su jahilce shi ba.

Me giyar take yi a rayuwarsu bayan kuɗi? Ita ce ladan gayya. Mai gona ya kira gayya, matansa su dafa, a yi noma a sha. Tana cikin biki, tana cikin makoki, tana cikin abin da ake zubawa a wurin tsafi. Manomin da ya kai ga dami dubu, yana neman a kira shi Sarkin Noma, sai ya yi bikin da zai rabar da dukiyar nan, a ci a sha. Guy Nicolas ya rubuta irin wannan biki na dubu a wurin Arnan ƙasar Maraɗi. A irin wannan tsari, hatsin da ya yi yawa a hannun mutum ɗaya ana narkar da shi ya koma cikin jama'a.

To ina Musulunci a duk wannan? Musulunci ya shigo fadojin Hausa tun ƙarni na 14 da na 15. Wangarawa sun iso Kano a zamanin Yaji, al-Maghili ya zo Kano da Katsina a shekarun 1490. Amma an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana tafiya da sabo da tsoho tare. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi, inda ya jero halayen sarakunan Haɓe, ya sa har da cewa suna ci suna sha abin da suka ga dama ba tare da duba halal ko haram ba. Bayan jihadin 1804, da faɗuwar Katsina a hannun su Ummarun Dallaje a 1807, giya ta fita daga fada da kasuwar birni. Amma ba a tilasta wa Maguzawa barin addininsu ba. An ɗauke su a matsayin waɗanda ke ƙarƙashin amana, suna biyan jiziya, suna zaune a gonakinsu. Yawancin masana ma suna ganin sunan Maguzawa daga kalmar Majusu ya fito, wato rukunin da fiƙihu ya yarda a karɓi jiziya daga gare su, ko da yake wasu na danganta shi da Magujin da muka ambata ɗazu. Abin da ya biyo baya shi ne giya ta zama alamar iyaka. Mai salla ba ya sha, Bamaguje yana sha. In mutum ya musulunta, abu na farko da za a duba shi ne ko ya bar ƙwarya.

A gefen daular kuwa kasuwar ta ci gaba. Hugh Clapperton, Baturen da ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sauka a Kulfo a ƙasar Nupe a 1826, garin da fataken Hausa ke yada zango. Matar da ta sauke shi, wata gwauruwa mai dukiya, tana sayar da gishiri da kanwa, tana kuma sayar da buza da bammi. Ya rubuta cewa ana haɗa buzar da dawa da zuma da barkono. Ko a can ma, ka ga, mace ce ke riƙe da sana'ar.

Sai Turawa suka zo da nasu tsarin. A taron Brussels na 1890, ƙasashen Turai sun amince a hana shigo da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba. Lugga ya sa Arewa cikin wannan yanki, dokar barasa ta 1917 kuma ta ƙara tabbatar da haka. Kudu na shan jin da sinaf na Turai, gwamnati na samun kuɗin fito mai yawa daga gare su, Arewa kuwa an rufe, sai Turawa da ma'aikatan da aka ba izini. Sakamakon da ba a yi niyya ba shi ne giyar dawa ta samu fili babu kishiya. Ga jirgin ƙasa ya ratso ta Funtuwa zuwa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ga gonar irin auduga a Daudawa, ga injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Leburori da 'yan ci-rani da sojoji suka taru a tashoshi da bariki da Sabon Gari da kuɗi a aljihu. Abin da a da ake dafawa don gayya da biki, sai ya koma haja ta kullum a bayan gari. Sunan gidan giya da duk ƙazantar da ke biye da shi a kunnen Bahaushe, yawancinsa daga wannan zamani na bariki ya samo asali.

Kwalba ta biyo baya. An kafa kamfanin Nigerian Breweries a 1946, kwalbar Star ta farko ta fito a Legas a 1949, aka buɗe reshen Kaduna a 1963. Duk da sha'ir ɗin da ake shigowa da shi daga Turai ake yi. Wannan ya yi kama da abin da ya faru a Ingila tsakanin 1300 da 1600, wanda Judith Bennett ta yi littafi a kansa: mata ne ke dafa giya a gida, amma da aka samu hanyar da za ta daɗe ba ta lalace ba, sai jari ya shigo, maza masu kuɗi suka karɓe sana'ar.

A ƙauye kuma abubuwa uku suka taru suka rage ta. Na farko, musulunta, wadda ta ƙaru sosai tun daga yaƙin wa'azin Sardauna a farkon shekarun 1960. Na biyu, shiga Kiristanci. Mishan ɗin SIM, wanda cocin ECWA ta fito daga cikinsa, ya hana mabiyansa giya kwata-kwata, don haka Bamagujen da ya bi ta wannan hanya shi ma ya kife tukunya. Na uku, masara. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa daga tsakiyar shekarun 1970 ya kawo takin zamani da irin masara, gonakin dawa da yawa suka koma masara. Daga ƙarshe aka ƙaddamar da shari'a, Zamfara ta fara a 1999, Katsina ta bi a watan Agustan 2000, sayar da giya a fili ya zama laifi.

To a nan ne labarin ya yi wata irin juyawa. A shekarun 1980 kuɗin mai ya karye, gwamnatin Babangida ta shigo da SAP a 1986, sannan daga farkon 1988 aka hana shigo da tsiron sha'ir. Kamfanoni suka rasa abin dahuwa. Ina za su nufa? Dawa. Cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru a Zariya tana da wani iri mai suna SK5912, wato gajeriyar kaura, wanda aka gano yana yin tsiro mai kyau. Da shi da farafara aka rufa wa masana'antun asiri. Kuma da injiniyoyi suka ci karo da matsalar nan ta sitacin dawa mai son zafi, ɗaya daga cikin hanyoyin da masu bincike suka koma suna nazari ita ce ta tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasa, a sake haɗawa. Dabarar tsohuwar da ke bakin murhu ce, aka sa mata sunan Turanci.

Ko da aka sassauta dokar daga baya, dawa ta riga ta zauna. Najeriya na noma tan miliyan 6 zuwa 7 na dawa a shekara, tana sahun gaba a duniya tare da Amurka da Sudan, kuma kamfanonin abin sha na cikin manyan masu saye. Buhunan da ake lodawa a kasuwanni irin su Dandume da Dawanau, wani kaso nasu can yake nufa. Daga cikin abin da ake yi da tsiron hatsi a waɗannan masana'antu har da lemon malta marar maye, irin su Maltina da ta fito a 1976. Wato kwalbar da ake ajiye wa baƙo a ɗaurin aure, a kimiyyance ƙanwar ruwan zaƙin nan ce da muka ce ana samu kafin a zuba yis. Mu ke noma dawar, mu sayar da ita ɗanya a farashin kaka, a kai ta Kaduna ko Aba a yi tsiro, a dawo mana da ita a kwalba mu saya da tsada.

Ilimin kuwa bai bar gidajenmu ba. Ku tambayi tsofaffin da suka iya kunun zaƙi na asali, kafin sukari ya yi araha. Ana raba gasara biyu, a dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, ɗayan kuma a haɗa shi da tsiron dawa ko na shinkafa, ko busasshen dankali, ko bagayi, sannan a gauraya a bar shi ya kwana. Da safe ya saki, ya yi zaƙi. Amilas ɗin nan ne dai ya yi aikinsa. Bambancin kunun zaƙi da burukutu shi ne inda aka tsaya. Malamai ma sun san wannan iyaka, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi a ruwa yana sha, amma ba ya wuce kwana uku. Zaƙi halal ne, tsami halal ne, maye ne haram.

Me ya sa wannan ya dame mu yau? Saboda yara. Kunun da ake ba yaron da aka yaye, in ya yi kauri ba ya iya haɗiya, in aka tsinka shi da ruwa kuma cikinsa zai cika da ruwa babu abinci. Masana abinci sun daɗe da gano cewa ɗan cokalin garin tsiro, in aka zuba a kunu mai kauri yana da ɗumi, zai tsinka shi cikin mintuna ba tare da an ƙara ruwa ba, yaro ya sha abinci mai yawa a ƙaramin kofi. A Tanzaniya an yi ta yaɗa wannan dabara, suna kiran garin kimea. Sharaɗin shi ne tsiron ya bushe sosai, a murje saiwoyin, a kuma sake tafasa kunun bayan ya saki. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a watanni shida na farkon 2025, yara fiye da 650 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. Garin tsiro ba zai maye gurbin asibiti ko wake da gyaɗa da ƙwai ba, amma abu ne da kowace uwa za ta iya yi da mudun dawa da tabarma.

Sannan su waɗanda suka fi kowa sanin wannan aiki suna ƙarewa. Gidan da ke zaune shi kaɗai a tsakiyar gona shi ne ya fi sauƙin faɗa wa a wannan zamani na 'yan bindiga. Duniya ta ji labarin ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020, amma ba ta ji labarin ɗaruruwan ƙananan gidaje da unguwanni a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da suka watse ba, na Musulmi da na Kirista da na 'yan gargajiya. Tsohuwar da ta koma gidan haya a Funtuwa ko Malumfashi ba ta da rumbu, ba ta da irin dawar da ta gada, kuma jikokinta ba za su koyi abin da hannunta ya sani ba.

Don haka ga abin da muke roƙo. Ɗalibanmu na tarihi da na kimiyyar abinci a jami'o'in Katsina da Dutsinma da Zariya, ga aikin bincike a ƙofar gida: sunayen irin dawa, wanne ke tsiro da kyau, kalmomin sana'ar, yadda ake kunu kafin zuwan sukari. A je a naɗa tun masu bayanin suna raye. 'Yan kasuwarmu kuma su duba, yin tsiro ba ya buƙatar wata babbar na'ura, ruwa ne da tsafta da wurin shanya. Garin kunun yara, lemon malta, kunun zaƙi mai ajiyuwa, duk halal ne, duk kuma ana iya yin su a Funtuwa ko Mairuwa, kusa da gonar da kusa da dam. Ku kuma da ke da kaka a gida, yau da daddare ku tambaye ta yadda ake tsiro.

Nan za mu dakata. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankunanmu, Ya mayar da kowa gonarsa, Ya sa albarka a abin da muka shuka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.